Yadda Ake Kwatanta Halin Majinyata Kafin Magani da Bayansa ta Hanyar Ƙididdiga

Nazarin da ɗaliban likitanci da na aikin jinya da na haɗa magunguna suka fi yi idan sun zo rubuta kundin kammala karatu, wanda kuma ƙananan asibitoci suke dogara da shi wajen auna aikinsu, shi ne a ɗauki awon majinyata kafin a fara ba su magani, a sake ɗauka bayan wani lokaci, sannan a duba ko an sami sauyi. Tsari ne mai sauƙi da araha, kuma lissafinsa ba ya gagarar wanda ya iya tarawa da rabawa. Inda wahalar take shi ne a san iyakar abin da lissafin zai iya tabbatarwa, domin nuna cewa awo ya sauka abu ɗaya ne, nuna cewa maganin ne ya saukar da shi kuwa wani aiki ne daban. Za mu bi aikin daki-daki da misalin hawan jini, saboda cuta ce da ake auna ta da lamba a kusan kowane asibiti.

Abin da ake yankewa kafin a taɓa majinyaci na farko

Matakin farko shi ne a rubuta a takarda wane awo guda ɗaya ne zai zama alƙalin nazarin, da kuma ranar da za a sake ɗaukarsa. A misalinmu, awon shi ne lambar sama ta hawan jini, da ma'aunin mmHg, kuma za a sake ɗauka bayan mako 8. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar mutum a matsayin mai hawan jini idan lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90 a awon da aka yi a ranaku biyu daban-daban, don haka wannan ne zai zama sharaɗin shiga. Haka kuma a yanke tun da wuri irin saukar da za ta yi wa majinyaci amfani, a ce 5 mmHg, saboda wanda ya jira sai ya ga sakamako sannan ya zaɓi abin da zai kira nasara zai sami nasara a kowane hali.

Yadda aka yi awon farko, haka za a yi na biyu ba tare da bambanci ba: na'ura ɗaya, hannu ɗaya, maɗaurin da ya dace da kaurin damtse, majinyaci ya zauna ya huta na minti 5, a auna sau biyu ko uku a ɗauki matsakaici. A gargaɗi masu awo kada su riƙa kai lamba zuwa sifili mafi kusa, su rubuta 150 alhali na'ura ta nuna 146, domin a nazarin da ake neman bambancin 5, irin wannan ɗabi'a kaɗai tana iya ƙirƙiro sauyi ko ta ɓoye shi. Sannan a nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin da kuma yardar kowane majinyaci kafin a fara.

Wajen shigar da bayanai a kwamfuta, kowane majinyaci layi ɗaya ne: lambar da aka ba shi a madadin sunansa, awonsa na farko, awonsa na biyu, sai shekarunsa da jinsinsa da duk wani magani da yake sha. Idan aka tara awon farko a wata takarda, na biyu a wata, ba tare da lambar da ta haɗa su ba, an zubar da abu mafi daraja a nazarin, wato sanin cewa wannan awo da wancan na mutum ɗaya ne.

Fitar da bambanci da gwajin t na awo bibbiyu

Ga alƙaluma na koyo, waɗanda aka tsara don a ga yadda lissafin yake tafiya, na majinyata 10 a jere ɗaya:

Kafin magani: 162, 150, 178, 146, 170, 154, 184, 158, 148, 170

Bayan mako 8: 148, 142, 158, 148, 158, 148, 168, 148, 144, 158

A cire awon biyu daga na farko ga kowane mutum, sai a sami 14, 8, 20, −2, 12, 6, 16, 10, 4, 12. Daga nan duk aikin yana kan wannan jeri na uku. Kafin a lissafa komai, a tsaya a kalle shi, in da hali a zana shi a takarda: mutum 9 awonsu ya sauka, mutum 1 nasa ya hau da 2, babu wata lamba da ta yi wa sauran nisa, kuma sun taru a tsakiya sun ragu a gefe biyu. Wannan kallo shi ne zai nuna gwajin da ya dace, kuma shi ne yake tona kuskuren rubutu, kamar inda aka buga 18 a maimakon 180.

Jimillar bambancin 100 ce, a raba da 10, matsakaicin sauka ya zama 10 mmHg. Sai a auna yadda lambobin suka warwatsu daga wannan matsakaici: a cire 10 daga kowace lamba, a ninka abin da ya fito da kansa, a tara. Jimillar ita ce 360. A raba ta da 9, wato yawan majinyata ban da ɗaya, a sami 40, tushen murabba'in 40 kuma shi ne 6.32. Wannan shi ne ma'aunin warwatsuwa, wanda manhajoji suke rubutawa da SD. Idan aka raba 6.32 da tushen murabba'in 10, wato 3.16, za a sami 2.0, wanda shi ne kuskuren ƙiyasi, ma'ana gwargwadon yadda matsakaicin zai riƙa motsawa da za a maimaita nazarin da wasu mutum 10. Ƙimar t ita ce matsakaici a raba da kuskuren ƙiyasi, 10 a raba da 2.0, wato 5.0. A jadawalin t, a layin 9, wato yawan majinyata ban da ɗaya, lambar da ake buƙatar a wuce ita ce 2.262, kuma 5.0 ta wuce ta da nisa. Ƙimar p, wato yiwuwar a ga irin wannan bambanci alhali babu sauyi na haƙiƙa, tana ƙasa da 0.001.

Abin da ya fi ƙimar p amfani ga likita shi ne tazarar amincewa ta kashi 95 cikin ɗari. A ninka 2.262 da 2.0 a sami 4.5, a cire daga 10, a kuma ƙara a kan 10: saukar tana tsakanin 5.5 da 14.5 mmHg. Wannan tazara tana faɗin girman sauyin da kuma gwargwadon rashin tabbas da ke tare da shi, kuma ana iya ɗora ta a kan 5 ɗin da aka yanke tun farko a ga cewa ko gefenta na ƙasa ya haura shi. Ƙimar p ba ta faɗin girma. Abin da take nufi kawai shi ne, da a ce babu wani sauyi na haƙiƙa, yaya yiwuwar a ga bambanci mai wannan girma ko fiye. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa a 2016 tana jan kunne a kan ɗaukar ƙimar p ta 0.05 a matsayin iyakar gaskiya da ƙarya, kuma jan kunnen ya dace da irin nazarin da muke magana a kai.

William Sealy Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, shi ne ya wallafa tushen wannan gwaji a 1908 da laƙabin Student, kuma ɗaya daga cikin misalansa na majinyata 10 ne da aka auna ƙarin awannin barcinsu da magunguna biyu. Tun asali ke nan an gina shi don ƙananan nazari.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan gaɓa shi ne a yi amfani da gwajin t na rukuni biyu masu zaman kansu, kamar dai mutanen kafin magani daban, na bayan magani daban. Idan aka yi haka da alƙaluman nan, kuskuren ƙiyasi zai tashi daga 2.0 zuwa kusan 4.9, ƙimar t ta faɗo zuwa 2.05, p kuma ta haura 0.05 da kaɗan, sai mai nazari ya rubuta cewa bai ga sauyi ba. Dalili shi ne gwajin ya cuɗa bambancin da ke tsakanin mutum da mutum, wanda yake da girma, da sauyin da ya faru a jikin kowane mutum. A manhajar SPSS sunan gwajin da ya dace Paired-Samples T Test, kuma akwai shi a R da Stata da jamovi, har ma da Excel.

Idan awon ba irin wannan ba ne

Gwajin t yana ɗaukar cewa jerin bambancin ya taru a tsakiya ba tare da karkata mai yawa ba. A lura cewa sharaɗin yana kan bambancin, ba ya kan awon farko ko na biyu. Idan majinyata suna da yawa, ƙaramar karkata ba ta da illa. Amma idan su kaɗan ne kuma akwai lambobin da suka yi fice, ko awon maki ne na jeri kamar tsananin ciwo daga 0 zuwa 10, sai a koma ga gwajin da Frank Wilcoxon ya fitar a 1945. Ana jera bambancin daga ƙarami zuwa babba ba tare da kula da alamar ragi ba, a ba kowanne matsayi, waɗanda suka yi kunnen doki su raba matsayi daidai, sannan a tara matsayin masu hawa daban, na masu sauka daban. A misalinmu −2 shi ne mafi ƙanƙanta, matsayinsa 1, kuma shi kaɗai ne ya hau, don haka jimillar masu hawa 1 ce, ta masu sauka 54. Ga mutum 10, ƙaramar jimillar tana buƙatar ta kasance 8 ko ƙasa da haka, kuma 1 ta cika sharaɗin. Wanda ya yi wannan gwaji ya ba da rahoton lambar tsakiya ta bambancin, wadda a nan ita ce 11. Idan kuwa awon na ninkuwa ne, kamar yawan ƙwayar cuta a jini, an fi so a mayar da shi logaridim kafin a fitar da bambanci.

Wani lokaci amsar e ce ko a'a: yana ciwon kai ko ba ya yi, jininsa ya daidaita ko bai daidaita ba. Nan gwajin Quinn McNemar na 1947 ake yi, kuma yana kallon waɗanda halinsu ya sauya kaɗai. A ce cikin mutum 100, 30 suna ciwon kai kafin magani da bayansa, 35 ba su taɓa yi ba, 25 suna yi sun daina, 10 ba sa yi sun fara. A cire 10 daga 25 a sami 15, a ninka da kansa ya zama 225, a raba da 35, wato jimillar 25 da 10, a sami 6.43. Tunda ta wuce 3.84, lambar da ake buƙatar a wuce a wannan gwaji, sauyin ya fi abin da za a danganta ga dace. Idan jimillar masu sauyin ba ta kai 25 ba, a zaɓi lissafin daidai-wa-daida da manhaja take bayarwa.

Idan an auna majinyaci fiye da sau biyu, a ce a mako 4 da 8 da 12, kada a yi ta maimaita gwajin t tsakanin kowane lokaci biyu. Wanda ya yi gwaji 20 masu zaman kansu a kan iyakar 0.05, ko da maganin ruwa ne zalla, yiwuwar ɗaya daga ciki ya fito kamar akwai tasiri ta kai kusan kashi 64 cikin ɗari. A nan ana buƙatar tsarin lissafi na maimaitaccen awo wanda yake ɗaukar dukan lokutan a tare, kuma ya kamata a nemi masanin ƙididdiga tun kafin a fara tara bayanai.

Tambayar da lissafin bai amsa ba

Yanzu mun tabbatar awo ya sauka da kimanin 10. Saura tambayar da ta fi kowace nauyi: da ba a ba da maganin ba, da nawa zai sauka? A nazarin rukuni ɗaya babu inda amsar take, kuma akwai abubuwa da dama da ke saukar da awo ba tare da hannun magani ba.

Babba daga cikinsu shi ne komawa ga matsakaici, wanda Francis Galton ya bayyana a 1886 a nazarinsa na tsawon iyaye da 'ya'yansu. Hawan jinin mutum yana hawa da sauka daga rana zuwa rana. Idan aka ce sai wanda awonsa ya kai 140 zai shiga nazari, to an fi kama mutane a ranar da nasu ya hau fiye da yadda ya saba, kuma waɗanda aka tarar a ranar da nasu ya sauka an sallame su. Idan aka sake auna waɗanda aka ɗauka bayan mako 8, da yawansu za su koma kusa da inda suka saba, matsakaicin rukunin ya sauka ko da ba a ba su komai ba. A sake duba alƙalumanmu: masu 178 da 184 su ne suka sauka da 20 da 16, masu 146 da 148 kuwa ɗaya ya hau da 2, ɗaya ya sauka da 4. Mai gaggawa zai ce maganin ya fi aiki ga masu tsananin ciwo, alhali wannan siffa ita ce ainihin wadda komawa ga matsakaici take haifarwa. Hanyar rage matsalar ita ce a raba awon tantancewa da awon farawa: a yi amfani da awon ranar farko wajen zaɓen masu shiga, sannan a sake auna su a wata rana, wannan sabon awo ya zama shi ne na kafin magani.

Bayan wannan akwai tafiyar cutar da kanta. Mutane sun fi zuwa asibiti a lokacin da ciwo ya tsananta, kuma mura da gudawa da ciwon baya da yawansu suna lafawa da kansu, sai faɗuwa ta zo daidai da zama. Akwai sabo da asibiti, domin jinin wasu yana hawa saboda fargabar ganin likita a zuwan farko. Akwai kulawar da ke tare da nazarin: wanda ake kira a waya ana tambayar lafiyarsa yakan rage gishiri ya kuma kiyaye shan maganinsa na da. Sannan akwai yanayin shekara, wanda a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar ba abin rainawa ba ne. Zazzaɓin cizon sauro yana tashi a damina zuwa farkon kaka ya faɗi a rani, kuma wannan ne ma ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar rigakafinsa na lokacin damina ga yaran yankin Sahel a 2012. Wanda ya auna ƙarancin jini a jikin yara a Satumba, ya sake aunawa a Fabrairu, zai iya ganin ci gaba mai kyau wanda sauyin yanayi ne ya kawo shi. Haka watan azumi yake sauya cin abinci da lokutan shan magani ga masu ciwon sukari.

Waɗanda ba su dawo awo na biyu ba su ma suna karkatar da sakamako. Idan mutum 100 suka fara, 60 suka dawo, gwajin t zai yi aiki da 60 ɗin ya yi shiru game da 40. Mai yiwuwa waɗanda maganin bai karɓe su ba ne suka koma wani wuri, ko kuɗin mota ya hana su, ko ma sun rasu. Dole a faɗi adadinsu, a faɗi dalilin da aka sani, a kuma kwatanta awonsu na farko da na waɗanda suka dawo. Cike gurbin da awonsu na ƙarshe, kamar halinsu ya tsaya cak tun ranar, dabara ce da masana suka daɗe suna hani da ita.

Maganin mafi yawan waɗannan matsaloli shi ne rukunin kwatanci, wato majinyata irin waɗancan da ake aunawa a lokaci ɗaya da hanya ɗaya, suna samun kulawar da aka saba bayarwa. Idan rukunin sabon magani ya sauka da 10, na kwatanci ya sauka da 6, abin da za a iya jingina wa maganin 4 ne. Mafi inganci shi ne a raba majinyatan ta hanyar ƙuri'a, ta yadda likita ba zai san rukunin da mutum na gaba zai faɗa ba. Gwajin streptomycin a kan tarin fuka da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta wallafa a 1948, wanda Austin Bradford Hill ya tsara rabonsa, ya nuna amfanin haka: cikin wata 6, mutum 4 daga 55 da aka ba maganin suka rasu, a rukunin da aka kwantar kawai kuwa 14 daga 52. Wasu daga cikin waɗanda ba a ba maganin ba sun sami sauƙi, kuma da babu rukuninsu da ba a san rabon maganin a cikin sauƙin da aka gani ba.

Da rukuni biyu a hannu, kada a yi gwajin kafin da bayan a kowane rukuni daban sannan a ce wannan p ɗinsa ƙasa da 0.05 take, wancan tasa sama, saboda haka magani ya yi aiki. Martin Bland da Douglas Altman sun nuna a 2011 yadda wannan hanya take yaudara ƙwarai. Rukunan biyu ake gwadawa kai tsaye. Hanyar da ta fi dacewa idan an yi rabon ƙuri'a ita ce ANCOVA, inda ake kwatanta awon ƙarshe na rukunan tare da saka awon farko a cikin lissafin, ta haka idan wani rukuni ya fara da ɗan sama ba za a ba shi ladan komawa ga matsakaici ba. Kwatanta sauyi da kashi cikin ɗari ya fi ta rauni, gara a bar shi don bayani ga mai karatu. Inda rabon ƙuri'a ba zai yiwu ba, kamar sabon tsari da aka kawo wa asibiti gaba ɗaya, a tara alƙaluman wata-wata masu yawa kafin tsarin da bayansa, a duba ko layin ya karye a daidai lokacin da aka fara, in da hali a haɗa da wani asibiti makamancinsa da bai sauya komai ba.

Yawan majinyata da rubuta rahoto

Ana lissafa yawan mutanen da ake buƙata tun kafin farawa. Ga rukuni ɗaya mai awo biyu, da iyakar 0.05 da ƙarfin gano tasiri na kashi 80 cikin ɗari, a raba warwatsuwar bambancin da ake tsammani da saukar da ake nema, a ninka abin da ya fito da kansa, sannan a ninka da 7.84. Idan warwatsuwar 12 ce, saukar 5, za a sami 2.4, sai 5.76, sai kimanin 46. A ƙara mutum 2 saboda ƙanƙantar adadin, sannan a yi tanadin waɗanda ba za su dawo ba: idan ana jin kashi 20 cikin ɗari za su ɓace, sai a ɗauki 60.

Rahoton ya faɗi mutum nawa aka tantance, nawa suka shiga, nawa suka kammala. Matsakaicin awon farko da na biyu tare da warwatsuwarsu, wanda a misalinmu 162 da 13.1 ne, sai 152 da 8.1, matsakaicin bambanci da tazarar amincewarsa, sunan gwajin da manhajar da aka yi aiki da ita, da illolin da majinyata suka fuskanta. Idan babu rukunin kwatanci, jimlar sakamako ta tsaya a kan abin da aka gani: lambar sama ta hawan jini ta sauka da 10 mmHg, tsakanin 5.5 da 14.5, cikin mako 8 da fara magani, kuma tsarin nazarin bai ba da damar ware rabon maganin daga na sauran dalilai ba.